Gashin sankarar hanta daga ciki: ƙwayoyin gilashi, na rezin, na holmiyom ko masu narkewa?

Idan likita ya ce ƙarin da ke hanta ya wuce a yanke shi, ɗaya daga cikin hanyoyin da suka rage ita ce a gasa shi daga ciki. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta wuyan hannu, a bi da shi har jijiyar da ke shayar da ƙarin, sannan a saki miliyoyin ƙwayoyi masu ɗauke da sinadarin nukiliya. Kaurin kowace ƙwaya bai fi rabin kaurin silin gashin kai ba, don haka sukan bi jini su maƙale a ƙananan jijiyoyin ƙarin, su yi ta ƙona shi a inda suka tsaya. Abin da ya sa dabarar ke aiki shi ne yadda hanta ke shan jini: lafiyayyen ɓangarenta yana samun kusan kashi uku cikin huɗu daga jijiyar fotal mai tasowa daga hanji, ƙari kuwa kusan duk abincinsa daga jijiyar da ke kawo jini daga zuciya yake. Ka zuba ƙwayoyi a ta biyun, ƙarin ne zai kwashi kaso mafi tsoka.

Ƙwayoyin dai ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda za su zauna a hanta har ƙarshen rayuwar mutum, akwai waɗanda jiki ke narkar da su. Mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, da sun ji an ce "mai narkewa" sai hankalinsu ya karkata can, suna ganin abin da zai fita daga jiki ya fi abin da zai zauna. Maganar ba ta miƙe haka ba.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, tsere tsakanin mutuwar sinadari da narkewar ƙwaya. Kowane sinadarin nukiliya yana da rabin-rai, wato lokacin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Ƙa'idar da ake bi ita ce bayan rabin-rai goma abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Ga itiriyom-90 wannan kwana 27 ne, ga holmiyom-166 kwana 11, ga reniyom-188 mako guda, ga aidin-131 kuwa kwana 80. Ƙwayar da ta fara narkewa kafin wannan wa'adi ya cika, sinadarin zai kuɓuce mata ya shiga jini, ya tafi inda ba a aike shi ba: ɓargo, ƙoda, tumbi ko maƙoshi, gwargwadon irin sinadarin. Narkewa tana zama alheri ne kawai idan ta biyo bayan mutuwar sinadarin, kuma babban amfaninta shi ne jijiya ta sake buɗewa a iya maimaita magani ta hanya ɗaya.

Na biyu, yawan ƙwayoyi da ƙarfin kowace. Ƙwayoyi kaɗan masu ƙarfi ba sa toshe jijiya, amma suna iya barin giɓi a cikin babban ƙari. Masu yawa marasa ƙarfi suna mamaye ƙarin sosai, amma suna iya cushe jijiya kafin a gama zuba su.

Na uku, ko ana iya ganin inda suka sauka a hoto, da kuma ko gwajin da ake yi kafin magani, don hango inda ƙwayoyin za su sauka, yana faɗin gaskiya. Na huɗu, yawan marasa lafiyan da aka gwada ƙwayar a kansu. Na biyar, farashi da hanyar da kayan zai bi ya iso kafin ya mutu. Na shida, haɗari.

Gilashi mai itiriyom-90

Sunansa a kasuwa TheraSphere, yanzu yana hannun kamfanin Boston Scientific. Ana narka itiriyom-89 a cikin gilashin tun wurin haɗi, sannan a saka ƙwayoyin a tukunyar nukiliya su koma itiriyom-90. Tunda sinadarin yana cikin jikin gilashin, ba ya zuba. Girman ƙwaya maikuron 20 zuwa 30 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙarfin kowace kimanin bekarel 2,500 a ranar da masana'anta ta yi awo (bekarel shi ne ma'aunin ƙarfin sinadarin nukiliya), kuma kwalbar GBq 3, wato bekarel biliyan uku, tana ɗauke da ƙwayoyi kusan miliyan 1.2. Rabin-ran itiriyom-90 awa 64 ne, hasken da yake gashi da shi, wanda ake kira beta, yana ratsa nama milimita 2.5 a matsakaici, iyakarsa milimita 11, kuma kusan kashi 94 cikin ɗari na gashin yana ƙarewa cikin kwana 11.

Ƙarancin ƙwayoyin ne ya sa ake son gilashi idan ƙari ya riga ya kutsa cikin jijiyar fotal, domin a irin wannan hali hanta ta dogara da jijiyar zuciya kaɗai, toshe ta kuwa kashe hanta ne. Shi ne kuma ya fi dacewa da ƙona yanki guda ƙurmus. A binciken LEGACY, mai marasa lafiya 162 da ke da ƙari guda wanda bai wuce santimita 8 ba, ƙarin ya ja baya a kashi 88 cikin ɗari, kuma a kan wannan ne hukumar magunguna ta Amurka ta ba shi cikakken lasisi a 2021, bayan taƙaitaccen izinin da yake da shi tun 1999. A irin wannan aiki ana neman yankin ya sha sama da Gy 400 (Gy shi ne ma'aunin gashin da nama ya sha).

Akwai wata dabara da masu aikin ke yi. Kwalba tana da amfani har kwana 12 bayan awo. Idan aka bar ta kwana takwas, rabin-rai uku ke nan, ƙarfin kowace ƙwaya ya sauko kusan bekarel 300, don haka sai a yi odar babbar kwalba, a sami gashi daidai da wanda ake so amma da ƙwayoyi ninki takwas. Babban ƙari mai jijiyoyi da yawa ya fi son hakan.

Matsalarsa nauyi. Gilashi ya fi ruwa nauyi sama da ninki uku, yana saurin kwanciya a gindin kwalba da lanƙwasar bututu. Dole a tura ruwan gishiri da matsi mai ƙarfi ba tsayawa, a wanke layin sau da dama, sannan a auna kwalba da bututu da na'ura a ga abin da ya maƙale. Ba a kuma raba kwalba ɗaya ga mutum biyu. Kowane majiyyaci da odarsa.

Rezin mai itiriyom-90

SIR-Spheres na kamfanin Sirtex, wanda ya samo asali a Ostireliya. Sinadarin ɗaya ne da na gilashi, amma manna shi ake yi a bayan ƙwayar rezin, wani nau'in roba mara narkewa. Girma maikuron 20 zuwa 60, ƙarfin kowace bekarel 50 kacal, don haka kwalbar GBq 3 tana da ƙwayoyi miliyan 40 zuwa 80. Amurka ta amince da shi a 2002 don sankarar babban hanji da ta bazu zuwa hanta.

Yawan nan shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa. Idan ƙari ya warwatsu a ɓangarorin hanta biyu, ƙwayoyi masu yawa sun fi kai wa kowane lungu. Amma jijiya na iya cika kafin a gama, jini ya tsaya, ƙwayoyin su juyo baya su faɗa jijiyar tumbi. Shi ya sa ake zuba shi kaɗan-kaɗan, ana tsayawa ana watsa ruwan hoto a ga ko jini na tafiya. Da ya fara jan ƙafa sai a dakata, ko da ba a gama adadin da aka lissafa ba. Ba a tura shi da ruwan gishiri, domin gishirin na iya ɓamɓare itiriyom daga jikin rezin. A da ruwa zalla ake amfani da shi, sai aka lura yana sa jijiya ta ƙanƙance majiyyaci ya ji zafi, aka koma ruwan sukari mai kashi 5. Ɗan abin da ke zuba yana fita a fitsari a ranar farko, shi ya sa ake ce wa majiyyaci ya zauna idan zai yi fitsari, ya kora ruwa sau biyu, ya wanke hannu.

Ta fuskar sauƙin aiki yana da fifiko guda: daga kwalba ɗaya ake zuƙo adadin da ake so a ranar, ana iya gyara lissafi da safe ko a raba tsakanin jijiyoyi biyu.

Manyan gwaje-gwajensa ba su zo da daɗi ba. SARAH a Faransa a 2017 da SIRveNIB a Asiya a 2018 sun kwatanta shi da maganin sankara na sha mai suna sorafenib, ba su nuna ƙarin tsawon rai ba, ko da yake illolinsa sun fi sauƙi. Amma a waɗannan gwaje-gwaje da tsayin mutum da nauyinsa aka lissafa adadin, ba da abin da ƙarin kansa ya sha ba. Da aka koma aka duba bayanan SARAH, waɗanda ƙarinsu ya sha Gy 100 ko fiye sun fi daɗewa. Binciken DOSISPHERE-01, shi ma a Faransa amma da gilashi, ya fito da maganar ƙarara a 2021: waɗanda aka yi wa lissafi na ƙashin kansu har ƙari ya sha aƙalla Gy 205 sun kai wata 26.6 a matsakaici, waɗanda aka yi wa lissafin gama-gari wata 10.7. Ƙwaya iri ɗaya, asibitoci ɗaya, bambancin kawai lissafi. Duk mai zaɓe ya riƙe wannan fiye da sunan kamfani.

Holmiyom-166 a cikin roba mai narkewa

QuiremSpheres ya fito daga binciken jami'ar Utrecht a Holan, ya sami izinin Turai a 2015, kamfanin Terumo ya saye shi a 2020. Jikin ƙwayar robar laktik ce, dangin wadda ake yin zaren ɗinkin tiyata mai narkewa da ita. Ana cusa mata holmiyom-165, a kai tukunyar nukiliya. Matsakaicin girma maikuron 30, rabin-rai awa 26.8, beta ɗinsa yana kai wa milimita 8.7, kuma sama da kashi 90 na gashin yana ƙarewa cikin kwana 4. Ƙarfin kowace ƙwaya 'yan ɗaruruwan bekarel ne, tsakanin gilashi da rezin.

A nan ne ya kamata a daidaita zato game da narkewa. Robar laktik tana ɗaukar watanni masu yawa kafin ta lalace, don haka a tsawon magani ƙwayar zaunanniya ce kamar sauran. Haka ake so. Ba narkewa ce ke sayar da shi ba, gani ne. Holmiyom yana fitar da gama, hasken da ke ratsa jiki ya fito waje, mai ƙarfin keV 81 (keV ma'aunin kuzarin haske ne) wanda na'urar hoto ta SPECT ke kamawa, kuma yana da halin maganaɗisu, don haka yana fitowa a hoton MRI. Itiriyom ba shi da gama. Ana ganinsa ne ta hoto mai dishi-dishi, ko ta na'urar hoto ta PET da ke jiran wani ɗan ɓurɓushi mai suna fositiron da yake fitarwa kusan sau 32 cikin miliyan.

Fa'ida ta biyu ta fi ta farko. Kafin kowane irin gashi ana yin gwaji, kuma ga masu itiriyom da dunƙulen albumin (furotin na jini) mai ɗauke da sinadarin ɗaukar hoto tekneshiyom-99m ake yi, kimanin MBq 150 (MBq bekarel miliyan ɗaya ne). Wannan dunƙule ba shi da siffa ɗaya, girmansa daga maikuron 10 har 90, kuma yana fara wargajewa cikin 'yan awanni. Idan aka makara ɗaukar hoto, ɓarɓashinsa ya wuce huhu, saken tekneshiyom ya taru a tumbi da maƙoshi, sai lissafi ya nuna yoyon ƙwayoyi zuwa huhu fiye da gaskiya, a hana mutum maganin da ya cancanta. Shi ya sa ake ɗaukar hoton cikin awa ɗaya in da hali, a kuma ba da faklorat, maganin da ke hana tumbi da maƙoshi ɗaukar saken sinadarin, tun kafin a fara. Wannan shi ne misali mafi kusa na abin da narkewa da wuri ke jawowa. Da holmiyom kuwa, da ƙwayoyin maganin kansu ake gwajin, MBq 250, don haka inda 'yan aike suka sauka nan rundunar za ta sauka.

Rauninsa uku ne. Tukunyar nukiliya tana lahanta roba: zafi, danshi ko daɗewa a ciki na fasa ƙwayoyin, ɓarɓashi kuma ya wuce huhu, don haka akwai iyakar ƙarfin da za a ɗora musu. Na biyu, kowane GBq na holmiyom yana ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na gashin itiriyom. Don a kai Gy 60 a hanta, iyakar da binciken HEPAR ya tsayar a 2012, ana bukatar GBq 3.8 ga kowane kilo na hanta, kuma da yake akwai gama, ma'aikata na bukatar kariyar dalma, ba roba mai kauri kaɗai ba kamar yadda ake yi wa beta. Na uku, waɗanda aka yi wa magani da shi ba su kai kusa da na itiriyom ba, kuma amfani da shi ya tsaya mafi yawa a Turai.

Reniyom-188 da sauran masu narkewa na gaske

Ƙwayoyin albumin na jinin ɗan Adam masu ɗauke da reniyom-188 su ne suka fi cancantar sunan "mai narkewa", domin jiki na cinye su kamar kowane furotin. An gwada su a ƙananan rukunan marasa lafiya a Jamus da Folan. Rabin-ran reniyom awa 17 ne, beta ɗinsa ya kusa na itiriyom, yana da gama keV 155 mai kyau ga hoto. Idan ya kuɓuce ba ya zama a ƙashi. Maƙoshi da tumbi yake nufa, faklorat na tare shi, ƙoda ta fitar da shi.

Abin jan hankali a nan janareta ce. Tangistin-188, mai rabin-rai kwana 69, yana zaune a cikin wata 'yar tukunyar dalma a asibiti, ana tatsar reniyom daga gare shi da ruwan gishiri duk lokacin da ake so, tsawon watanni. Ba jiran jirgi. Wannan ne ya sa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta jagoranci gwajin reniyom da lipiodol a ƙasashe masu tasowa na Asiya da Kudancin Amurka a shekarun 2000. Lipiodol man 'ya'yan fofi ne mai aidin, ba ƙwaya ba ce, ɗigo ne. Lafiyayyar hanta na share shi, ƙari kuwa ya riƙe shi.

Sai dai a nan asibiti ne masana'anta. Dole a sami mai haɗa magungunan nukiliya da zai ƙara wa ruwan kauri, ya manna sinadarin, ya auna kashi nawa ya kama kafin a kai wa majiyyaci. Ana bukatar GBq ninki huɗu zuwa biyar na itiriyom don gashi ɗaya. Tangistin-188 kansa tukwane kaɗan ne a duniya ke iya yin sa, irin na Oak Ridge a Amurka da na Dimitrovgrad a Rasha. Janareta kuma tana mutuwa ko an tatsa ko ba a tatsa ba, saboda haka arharta na ga asibitin da ke da layin marasa lafiya.

Aidin-131 da lipiodol tsohuwar hanya ce da aka yi amfani da ita a Faransa. Rabin-rai kwana 8 da gama keV 364 suna tilasta killace majiyyaci kwanaki a ɗaki mai kariya, kuma an ga yana taɓa huhu. Sauran, irin su ƙwayoyin sitaci, jelatin da citosan masu ɗauke da sinadarin nukiliya, suna matakin bincike. Ƙwayar sitaci da ake da ita a asibiti tana narkewa cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma da maganin sankara na kemo ake haɗa ta, ba da gashi ba.

| Ma'auni | Gilashi | Rezin | Holmiyom | Reniyom |
|---|---|---|---|---|
| Rabin-rai | awa 64 | awa 64 | awa 26.8 | awa 17 |
| Narkewa | babu | babu | bayan watanni | akwai |
| Toshe jijiya | kaɗan | mai yiwuwa | matsakaici | kaɗan zuwa matsakaici |
| Hoto bayan magani | PET ya fi | PET ya fi | SPECT da MRI | SPECT |
| Asarar jinkirin kwana 1 | kashi 23 | kashi 23 | kashi 46 | kashi 62, amma a gida ake tatsa |
| Yawan hujja | babba | babba | matsakaiciya | ƙarama |

Farashi

A lissafin da hukumar NICE ta Ingila, mai tantance magunguna, ta yi amfani da shi a 2021, gilashi da rezin suna wajen fam 8,000 kowanne, holmiyom kusa da fam 10,000 ban da kuɗin ƙwayoyin gwajinsa. Wannan kuɗin kwalba ne kawai. Ba a sa shiga ɗakin hoton jijiya sau biyu ba, da hotuna, da ƙwararru uku da aikin ke bukata: mai bin jijiya, na sashen nukiliya da masanin lissafin haske.

Haɗarin da bai san sunan ƙwaya ba

Lissafin itiriyom mai sauƙi ne: GBq sau 50, a raba da nauyin nama a kilo, shi ne Gy. Ɗauki mutumin da za a ba GBq 3, gwaji ya nuna kashi 10 na yoyowa huhu. GBq 0.3 ke nan, huhu kuma ana ƙaddara shi kilo ɗaya, ya sha Gy 15, ba laifi. Idan yoyon kashi 25 ne, huhu zai sha Gy 37.5, ya haura iyakar Gy 30 da aka yarda a zama ɗaya (iyakar jimlar dukkan zama kuwa Gy 50 ce). Ko dai a rage adadi ko a fasa.

Ƙwayoyin da suka ɓace suka faɗa bangon tumbi suna iya haifar da gyambon da ba ya jin maganin olsa, domin daga can cikin bango yake ci. Maganin abin shi ne a gano ƙananan jijiyoyin da ke zuwa tumbi, maɗaciya da fatar cibiya, a toshe su ko a wuce da bakin bututu gaba da su, kuma ranar magani a ajiye bututun daidai inda aka ajiye shi ranar gwaji. Mafi muni shi ne ciwon hanta na gashi, wanda ke bayyana mako 4 zuwa 8 bayan aiki da shawara da ruwa a ciki ba tare da ƙarin ya girma ba. Bilirubin, sinadarin da ke sa idon mai shawara ya yi rawaya, da ya haura mg 2 a desilitar jini, ko ruwa a ciki tun farko, alama ce ta a janye, sai dai idan ɗan yanki kawai za a ƙona.

Wannan ya shafi yankinmu kai tsaye. Sankarar hanta a Afirka ta Yamma tana bin ciwon hanta nau'in B da gubar aflatoksin ta gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, tana kama mutane da sauran ƙuruciyarsu, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai idanu sun yi rawaya. Kafin a sayar da gona a nemi biza, a fara aika sakamakon bilirubin, albumin da hoton CT ga asibitin da za a je. A kuma lissafa zaman da zai ɗauki gwaji da magani, waɗanda yawanci mako ɗaya zuwa biyu ke raba su. Tukunyar nukiliya ta bincike da ke Zariya, mai kimanin kilowat 30, an yi ta ne don awon samfura. Ba ta da ƙarfin kunna ƙwayoyin magani.

Wa ya dace da wanne

Ƙari guda da bai wuce santimita 8 ba, hanta da sauran ƙarfinta, ana son a ƙone yankin ko a riƙe mutum har a samu dashen hanta: gilashi, nan hujjarsa ta fi kauri. Ƙarin da ya shiga jijiyar fotal: gilashi ne dai ya fi kwanciyar hankali, da sharaɗin gwaji ya nuna ƙarin zai sha Gy 205 ko fiye.

Ƙari da yawa a ɓangarori biyu, musamman wanda ya taso daga hanji bayan kemo ya gaza: rezin, a raba aikin ɓangare-ɓangare da tazarar makonni don hanta ta huta.

Wanda gwajin albumin ya nuna masa yoyon huhu a bakin iyaka, ko wanda hantarsa ƙarama ce har kuskuren lissafi kaɗan zai cutar: holmiyom, idan cibiyar tana kusa da inda ake kunna shi kuma ta tabbatar kayan na samuwa.

Asibitin da ke nesa da masana'anta, mai marasa lafiya da yawa da ƙwararren mai haɗa magungunan nukiliya: janaretar reniyom ta cancanci a zauna a yi lissafinta, a ƙarƙashin tsarin bincike mai izini. Majiyyacin da aka yi wa tayin wata ƙwaya mai narkewa da ba ta cikin waɗannan, ya tambayi kwana nawa take riƙe sinadarinta a cikin jini, kuma mutum nawa aka yi wa kafin shi.

Mai shawara da ruwa a ciki, ko wanda cutar ta bazu sosai wajen hanta: babu ɗaya daga cikinsu, maganin sha ko na allura da kula da raɗaɗi su ne abin tattaunawa da likita.